Ku Tambaya Mu Amsa: Fansho da Inshorar Lafiya Tsakanin Kebbi da Nijar

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na yi shekara 9 ina tuƙin tirela a wani kamfani a Dosso, kowane wata ana yankar mini kuɗin CNSS, hukumar fanshon ma'aikata ta Nijar. Yanzu na dawo gida, na samu aiki a Birnin Kebbi, har sun buɗe mini asusun fansho. Kuɗin da aka yanka mini can sun bi ruwa ke nan, tunda Nijar ta fice daga ECOWAS? Daga wani direba, Kamba.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ba su bi ruwa ba, amma kada ka sa rai za a kwaso su a zuba maka a asusunka na nan. Tsarin ƙasashen biyu ya sha bamban. A Najeriya, bisa dokar fansho ta 2014, ana cire kashi 8 cikin 100 na albashinka, wanda ya ɗauke ka aiki ya ƙara kashi 10, a tara a asusu mai sunanka. Kuɗinka ne, ko shekara 2 ka yi ko 20. Kana iya fara karɓa idan ka kai shekara 50 kuma ka bar aiki, sannan idan ka rasa aiki har wata 4 kana iya cirar kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusun. CNSS ta Nijar kuwa kamar gandu take: abin da masu aiki suka zuba bana shi ake biyan tsofaffin bana da shi. Babu wani ƙunshin kuɗi da aka ajiye da sunanka. Abin da ka tara can watanni ne, kuma watannin ne za su ba ka haƙƙi idan ka kai shekara 60. Wanda watanninsa ba su kai na fansho ba, akan sallame shi da kuɗi dunƙule sau ɗaya.

Don irin matsalarka ne shugabannin ECOWAS suka amince da yarjejeniyar tsaron rayuwar ma'aikata a 2013. Ta ce a yi wa baƙo yadda ake yi wa ɗan ƙasa, a haɗa masa shekarun da ya yi a ƙasashe daban-daban, a kuma biya shi ko ya koma gida. Ga yadda lissafin yake, a misali: mutum ya yi shekara 9 a Nijar, 11 a Benin, kowace ƙasa kuma a ce tana neman 15. Babu inda ya cika. Idan aka haɗa sun zama 20, ya cancanta, sai Nijar ta biya kashi 9 cikin 20 na abin da da ta biya shi, Benin ta biya 11 cikin 20. Tsakanin Nijar da Benin wannan ya fi sauƙi, domin tsarinsu ɗaya ne, kuma duk suna cikin CIPRES, ƙungiyar hukumomin fansho da aka kafa a 1993, wadda Najeriya ba ta ciki. Da Najeriya kuwa, tun kafin ficewar ma yarjejeniyar ta fi ƙarfi a takarda, saboda ɓangare ɗaya na ƙirga watanni, ɗayan na ƙirga naira.

Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice ranar 29 ga Janairu 2025. Wannan ya raunana hujjarka ta neman a haɗa maka shekarun Birnin Kebbi da na Dosso, amma bai shafe watanninka ba, domin dokar Nijar ce ta ba ka su, ba ECOWAS ba.

Abin yi tun yanzu, ba sai furfura ta fito ba: ka nemo lambar rajistarka ta CNSS, da takardun albashi, da takardar shaidar aiki daga kamfanin. Ka je ofishinsu na Dosso ko Yamai ka nemi a buga maka jerin watannin da aka zuba da sunanka. A nan ne ɓarna ke fitowa. Kamfani kan yanki kuɗi daga albashi ya ƙi kai wa hukuma, kuma takardar albashi ce kaɗai za ta nuna an yanka. Na biyu, suna. Can an rubuta Mahamadou ko Ousmane, nan Muhammadu ko Usman. Can takardar haihuwa ta ce an haife ka "wajen" shekara kaza, nan rajistar NIN, lambar shaida ta ƙasa, ta ba ka rana da wata. Ma'aikacin da ke gaban kwamfuta mutum biyu yake gani. Ka yi rantsuwar kotu da ke tabbatar da cewa kai ɗin ne, ka ajiye kwafi. Ka kuma tambaye su a rubuce ta wace hanya suke biyan wanda ke zaune a Najeriya, da yadda za ka riƙa kai takardar shaidar kana raye.

TAMBAYA: Matar ƙanena 'yar Gaya ce, tana da juna biyu, suna zaune tare da mu. Za ta iya shiga inshorar lafiya ta jiha? Wasu sun ce mu ce kawai 'yar nan ce. Daga wata uwa, Dole Kaina.

AMSA: Hajiya, kada ku yi haka. A gari irin naku da iyaka ta ratsa ta tsakiyarsa, mun san wannan tambaya kan ba mutane dariya, amma rajistar ƙarya kan dawo ta ci mai ita, musamman ranar neman fasfo ko aikin Hajji. Kuma babu buƙatarta. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta haɗa da baƙin da ke zaune bisa ƙa'ida, haka ma NIN ana ba su. Ƙa'idar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979 ta ba da kwana 90 ba biza. Wanda zai zauna fiye da haka sai ya nemi katin zama a ofishin shige da fice. Bayan ficewar Nijar, ECOWAS ta nemi ƙasashenta su ci gaba da bai wa 'yan ƙasashen uku wannan dama har sai an sanar da wani abu dabam. To, katin zama tukuna, sai NIN, sannan ofishin KECHEMA, hukumar inshorar lafiya ta Jihar Kebbi, ko asibitin mazaɓarku.

Akwai hanya mai ɗorewa: sashe na 26 na tsarin mulki ya ba matar da ta auri ɗan Najeriya damar neman zama 'yar ƙasa ta rajista. Mijin da ya auri 'yar Najeriya bai samu wannan ba, kuma rashin adalci ne da ya daɗe. Jaririn kuwa ɗan ƙasa ne ta wajen ubansa, ko a Gaya aka haife shi. Ku dai karɓi takardar haihuwa. Idan naƙuda ta zo da gardama, dokar lafiya ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai larurar gaggawa bisa kowane dalili.

TAMBAYA: Na ji an ce a Turai kati ɗaya mutum ke riƙewa a yi masa magani a kowace ƙasa. Me ya hana mu? Daga wani malamin makaranta, Argungu.

AMSA: Katin gaskiya ne, Malam, amma ana zuzuta shi fiye da kima. Na matafiyi ne. Idan Bafaranshe ya kamu da ciwo a Italiya, za a duba shi a asibitin gwamnati bisa farashin da ɗan Italiya ke biya, sannan hukumar inshorarsa ta Faransa ta biya kuɗin. Wato kowa gidansu ke ɗauke da shi. Tarayyar Turai ba ta da baitulmalin fansho ko na magani guda. Kasafinta bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasashenta ba, alhali ƙasashen, a jimlace, na kashe sama da kashi ɗaya cikin huɗu na arzikinsu kan fansho da lafiya da tallafi, kowace a cikin gidanta. Abin da tarayyar ta yi shi ne ɗinke tsare-tsaren: ka biya a ƙasa ɗaya kawai, galibi inda kake aiki, a haɗa maka shekaru, a aika maka fansho duk inda ka koma. Sun fara wannan tun 1958, dokar da ake aiki da ita yanzu kuma ta 2004 ce.

Ko can ɗin zumunci na da iyaka. Wanda zai wuce wata 3 ba ya aiki sai ya nuna yana da abin riƙe kansa da inshora. A 2014 kotun tarayyar ta yanke cewa Jamus na iya hana tallafi ga wata 'yar Romaniya da ke zaune can ba ta aiki kuma ba ta nema. Ƙorafin cewa baƙi na cin tallafi yana cikin abin da ya zafafa ƙuri'ar ficewar Birtaniya a 2016. Buɗe kasuwa ba ya yi wa gwamnatoci wuya kamar raba kuɗin haraji da ɗan wata ƙasa.

Abin da ya hana mu, a ganinmu, ba rashin yarjejeniya ba ne. Ba a ɗinke abin da babu. Mai kwale-kwale a Lolo, da mai sayar da shinkafa a Kamba, da makiyayin da ke ƙetarawa da shanu, babu wanda ke cikin rajistar wata hukuma a kowane ɓangare, kuma su ne mafi yawan masu ƙetara iyakar. ECOWAS kanta da harajin rabin kashi ɗaya cikin 100 na kayan da ake shigowa da su daga waje take rayuwa, kuɗin da ke tafiya kan ofisoshi da majalisa da kotu da ayyukan tsaro. Abin da ya fi kama da taimakon juna a aikace shi ne rumbun abinci na yanki da aka kafa a 2013, wanda Najeriya ta ci moriyarsa. Iyakar ma ba ta da tabbas: an rufe ta a Agustan 2019, ta Kamba ba ta buɗe ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris 2024.

Hanyar da ta fi kusa yanzu ita ce yarjejeniyar ƙasa da ƙasa tsakanin Abuja da Yamai, ba sai ta ECOWAS ba. Wurin tattaunawar ma yana nan, wato hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar da aka kafa a 1971, mai hedikwata a Yamai. Ana iya farawa da ƙananan abubuwa: hukumomin fansho su amince da takardun juna, asibitocin Kamba da Gaya kuma su amince da katin awon ciki da na rigakafin juna.