Yaya binciken adabin yara zai isa ga iyaye?

Malama, kin tambayi yadda binciken jami'a kan adabin yara zai amfani iyaye da malaman firamare. A jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo an rubuta kundaye kan tatsuniya da waƙoƙin gaɗa da kacici-kacici, amma harshensu na masana ne, uwa a gida ba ta ganinsu. Wannan yana damuna ƙwarai. Shawarata, mai bincike ya taƙaita aikinsa a shafi biyu cikin Hausar gida: wace tatsuniya ta dace da ɗan shekara 5, me wayon Gizo ke koya masa. Sai a karanta a rediyo, a tura da murya ta WhatsApp.