Amsa: Wa ke da mallakin Antaktika?

Ɗan'uwa, ka tambaya wace ƙasa ce ke mulkin Antaktika, kuma me ya hana manyan ƙasashe su wawashe ma'adinan da ke can. A taƙaice, babu mai ita.

Ƙasashe bakwai ne suka taɓa cewa wani yanki nasu ne: Birtaniya, Faransa, Norwe, Ostareliya, New Zealand, Ajantina da Chile. Ajantina ma har mace mai juna biyu ta kai sansaninta na Esperanza, ta haihu a can a 1978, wai don ta ƙarfafa hujjarta. Sai dai tun 1959 ƙasashe 12 suka sa hannu kan yarjejeniya a Washington, har da Amurka da Tarayyar Sobiyet, alhali a lokacin ba sa ga maciji da juna. Ba a soke iƙirarin kowa ba, jingine shi aka yi. An hana kafa sansanin soja da gwajin nukiliya, an kuma amince a riƙa leƙa tashoshin binciken juna. Daga Afirka, Afirka ta Kudu ce kaɗai a cikin 12 ɗin.

Haƙar ma'adinai kuwa, yarjejeniyar Madrid ta 1991 ce ta haramta ta. Za ka ji ana cewa haramcin zai ƙare a 2048. Ba haka ba ne. Daga shekarar ne dai za a iya neman a sake duba shi, kuma sharuɗɗan sauya shi ba wasa ba ne.

Ni abin da ya fi burge ni, da bayanan da aka tattara a tashar bincike ta Halley ta Birtaniya da ke Antaktika ne masana suka sanar a 1985 da raguwar iskar ozon, wadda ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa, bayan shekara biyu aka ƙulla yarjejeniyar Montreal don kare wannan iska.