Wa'azi Biyu Sun Hana Ni Barci

Tambaya: Baba, ina gaisuwa. Faston majami'armu ya ce wanda ya karɓi Yesu ya tsira ke nan har abada, kome ya aikata. Bayan mako biyu, a taron farkawa, wani baƙon mai wa'azi ya ce wanda ya mutu da zunubi ko ɗaya da bai furta ba, wuta zai shiga. Maigidana ya yi baftisma, amma ya koma wa burukutu. Tun ranar barci ya ƙaurace mini. Maganar wa zan kama?
Daga wata 'yar zumuntar mata, Kafanchan.

Amsa: 'Yata, sannu da ɗawainiya. Wannan gardama ta girme mu duka. Tana cikin batutuwan da aka zauna taron ikkilisiya na Dort a kansu a ƙasar Holan daga 1618 zuwa 1619, tsakanin mabiyan Kalbin, masu cewa ceto ba ya ɓacewa, da na Arminiyus, masu cewa ana iya rasa shi, kuma har gobe ikkilisiyoyi ba su zama baki ɗaya ba.

Ni in na zauna jin wa'azi, da biro nake zama. Ayar da aka ambata sai in rubuta ta a bayan ambulan ɗin baiko, in na koma gida in karanta surar gaba ɗaya. Haka mutanen Biriya suka yi wa Bulus kansa, a Ayyukan Manzanni 17:11, aka kuwa yaba musu.

Gwada da na fastonku. Ina zaton Afisawa 2:8 da 9 ya karanta, inda aka ce da alheri aka cece mu, ba da aikinmu ba. Gaskiya ne. Amma aya ta 10 tana nan manne, ta ce an halicce mu domin kyawawan ayyuka. Wancan "kome ya aikata" ɗin, Bulus ya riga ya ƙaryata shi a Romawa 6:1 da 2.

Shi kuwa baƙon, ya mai da ceto kamar wutar NEPA, a kawo da safe a ɗauke da yamma. In haka ne, wa zai tsira? Ni na fi jingina ga Yahaya 10:28, cewa ba mai ƙwace tumakin daga hannun Makiyayinsu, ko da yake gargaɗin Ibraniyawa sura 6 ba na wasa ba ne, kuma ban taɓa tsallake shi a bagade ba.

Batun maigida, ba ni da ma'aunin zuciyarsa, ke ma haka. Ki samu dattijon ikkilisiya guda da yake jin nauyinsa, ya same shi da sassafe, kafin ya fita.