Dokar ta-ɓaci bayan zaftarewar ƙasa a Kalifoniya: gwamnati za ta gyara masa gidan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Yayana yana zaune a Kalifoniya, jiya ya kira yace ruwan sama ya zaftaro tudun dake bayan unguwarsu, hanya ta rufe, bangon gidansa ya tsage, wai kuma garinsu sun saka dokar ta-ɓaci. Hajiyarmu tun jiya bata runtsa ba, gani take sojoji za a jibge musu. Dan Allah me abin yake nufi, kuma gwamnati zata biya shi kuɗin gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya tsare gaba. Ki fara kwantar wa Hajiya hankali, ba irin wadda aka saka a Borno da Yobe da Adamawa a 2013 bace, sunan ne kawai ya zo ɗaya. A can takarda ce da ƙaramar hukuma take sa wa hannu tana cewa abin nan ya fi ƙarfinmu, a kawo ɗauki. Jami'in gaggawa na gari zai iya ayyana ta cikin dare, amma dokar Kalifoniya tace dole kansiloli su amince cikin kwana 7, sannan su dinga dubawa duk kwana 60 ko har yanzu da buƙata.

Amfaninta biyu ne. Tana ba su ikon rufe hanya, su tashi mutane daga gidajensu, su ɗauko katafila da tifa nan take ba sai an tsaya tallar kwangila ba. Sai kuma kuɗi, wanda shine ainihin maganar, dan tsani ne ake hawa, gari ya kai kuka wajen gwamna, gwamna ya roƙi shugaban ƙasa, in ya sa hannu sannan hukumar agaji ta tarayya FEMA take shigowa, kuma a dokar Stafford ta 1988 tarayya tana ɗaukar aƙalla kashi 75 cikin 100 na gyaran kayan gwamnati. Haka akayi a farkon 2023 lokacin da ruwa ya dinga zuba kusan sati uku, kinsan su hunturunsu shine daminarsu, gwamna Newsom ya ayyana ranar 4 ga Janairu, shugaban ƙasa na lokacin, Biden, ya amince a ayyana shi a matsayin babban bala'i ranar 14.

To ki lura nace kayan gwamnati, wato titi, gada, kwalbati, bututun ruwa. Gidan yayanki baya ciki, kuma nan ne abin yake min ciwo, dan mutane da yawa suna jin an ayyana sai su saki jiki suna jiran cek. Tallafin magidanta wani ɓangare ne daban, sai shugaban ƙasa ya amince dashi kuma an saka sunan gundumarsu, ko an samu ma kuɗin haya ne da ɗan gyaran da zai sa gida ya zaunu, ba ya sake gina gida. Ga inshora kuma, ta gida da kowa yake biya yawanci bata ɗaukar motsin ƙasa sam, ta ambaliya tana biyan laka mai gudu kamar ruwa amma in tudu ne ya zame bata biya. Kinga kalma ɗaya a rahoto zata iya raba mutum da kuɗinsa.

Dubi Rancho Palos Verdes kusa da Los Anjalas. Ƙasar wajen tana tafiya tun 1956 saboda akwai yumɓu a ƙarƙashi, in ya sha ruwa sai ya zama santsi, ruwan hunturu biyu a jere ya ƙara mata gudu har wasu wuraren suna matsawa kusan ƙafa ɗaya a sati. Garin ya ayyana dokar a Oktoban 2023, amma ta gwamna bata zo ba sai Satumban 2024, bayan an yanke wa gidaje sama da ɗari gas an fara yanke wuta. Daga baya aka ware dala miliyan 42, kuma ba na gyara bane, na sayen gidajen ne a rushe su a bar fili.

Dan haka ki ce wa yaya ya ɗauki hoton komai da kwanan wata, ya adana rasit ko na otal ne, ya kai rahoton ɓarnar ofishin gundumarsu dan da waɗannan alƙaluman gwamna yake roƙon tarayya, ya kira kamfanin inshora a rubuce. Ya nemo injiniyan ƙasa ya duba tsagewar nan kafin ya sake kwana a ciki, in ƙofa ta fara ƙin rufuwa ko tsagar tana ƙara buɗewa to ƙasar bata tsaya ba.

In kuma akace su tashi, dan girman Allah ya tashi ko ruwan ya ɗauke, tudu yakan zame bayan sama ta washe tunda ruwan yana cikin ƙasa. A Montesito, wani gari a Kalifoniya, ranar 9 ga Janairun 2018 laka da duwatsu suka gangaro kafin asuba daga tsaunin da gobara ta cinye, mutum 23 suka rasu, da yawansu suna cikin gidajensu. Ya riƙe fasfo da takardun gida a jaka ɗaya bakin ƙofa, mota kuma da mai a ciki.