Amsa ga mai son shiga aikin sa-kai na kashe gobara da agajin gaggawa a Zariya

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwanmu na Tudun Wada, ka ce kana son ba da lokacinka kyauta wajen taimakon 'yan kwana-kwana da masu agajin gaggawa, kana tambayar ta inda za ka fara, me za a koya maka, kuma ko sai kana da takardar aikin lafiya. Allah ya saka da alheri, ya sa niyyar ta ɗore.

Takardar aikin lafiya ba sharaɗi ba ce. Amma ka san wannan tun yanzu: shiga gida mai cin wuta da mesa a hannu aikin ma'aikatan Hukumar Kashe Gobara ne, ta jiha ko ta tarayya, waɗanda ke da rigar wuta da tukunyar shaƙar iska da horo na watanni. Filin ɗan sa-kai shi ne mintocin da ke tsakanin tashin wuta ko aukuwar haɗari da isowar mota. A garin nan mintocin suna da tsawo, saboda cunkoson Kwangila da PZ, da kuma lungunan cikin birni da babbar mota ba ta iya kutsawa. Yawancin ran da ake cetowa da dukiyar da ake tsirarwa, a wannan tsakanin ne ake samunsu ko a rasa.

Ƙofofin shiga suna nan. Ƙungiyar Red Cross ta Najeriya, wadda aka kafa da doka tun 1960, tana karɓar 'yan sa-kai tana koyar da taimakon farko, kuma takardarta ce aka fi ganewa ko'ina. Akwai rundunonin 'yan agaji na ƙungiyoyin addini, irin na Jama'atu Nasril Islam da Fityanul Islam da Izala, su ne kake gani a filin Idi da hawan Sallah da jana'iza. Hukumar Kiyaye Haɗurra ma tana da sashen 'yan sa-kai, masu taya jami'anta aiki a kan titi, sai dai sukan nemi mutum mai tsayayyar sana'a da lasisin tuƙi. Shawarata ka fara da horon taimakon farko wanda ake yi da hannu a kan mutum-mutumin roba. Kallon bidiyo a waya ba ya koya wa hannu nauyin da ake danna ƙirji da shi. Bayan nan ka je ofishin kwana-kwana mafi kusa da unguwarku da kanka, ka gabatar da kanka, ka karɓi lambar ofishin kai tsaye, ka roƙi su zo su nuna wa matasan unguwa yadda ake amfani da tulun kashe wuta. Wayar da kan jama'a yana cikin aikinsu. Ka sanar da mai unguwa abin da kuke yi, domin ranar da za ku ce wa jama'a su ja da baya, sanin da aka yi muku ne zai sa a ji maganarku.

Kafin ka taɓa jinin kowa, ka yi allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B, guda uku ce cikin wata shida, da ta sandarewar jiki, wato tetanus. Safar hannu ta roba kada ta rabu da aljihunka. Zazzaɓin Lassa da ciwon hanta da ƙanjamau duk jini yana ɗaukarsu.

To, ranar gobara. Abin da aka fi sakaci da shi shi ne kiran waya. Kowa yana zaton wani ya kira, ana ta kwasar ruwa a bokiti, sai wuta ta kama rufi sannan a tuna. Ka kira nan take, ko da wutar ƙarama ce. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, ta haɗarin mota 122, amma lambar ofishin garin ta fi saurin biyan buƙata. Ka faɗi unguwa, da alamar da direba zai gane kamar masallaci ko makaranta ko gidan mai, da abin da ke ci, da ko akwai mutum a ciki. Sannan ka tura mai babur bakin babban titi ya tarbi motar ya shigo da ita, wani kuma ya sa a janye motoci da kekuna da teburan 'yan tireda daga hanya. Wannan kaɗai yana rage mintoci masu yawa.

Sai a katse wutar lantarki daga fis, a kashe janareta. Gidaje da shaguna da yawa yanzu suna da sola, kuma cire fis ɗin NEPA ba ya kashe inbata da batura. Wayoyin da suka sauko daga farantan rufi suna ɗauke da wuta muddin akwai rana. Don haka ka tambayi mai gida abu huɗu da babbar murya: akwai wanda bai fito ba, akwai tukunyar gas, akwai fetur a jarka, akwai sola? Amsar da ka samu ita za ka fara gaya wa shugaban 'yan kwana-kwana idan sun sauka.

Tulun kashe wuta da ka fi gani a shaguna da motoci mai gari ne, yana aiki a kan katako da tufafi da fetur da kayan lantarki. Mai baƙin mazurari na iskar kabon ne, ya dace da kwamfutoci da akwatin lantarki, kuma kada ka riƙe mazurarin da hannu tsirara don sanyinsa yana ƙona fata. Yadda ake yi: zare fil, tsaya kamar taku uku daga wutar, iska tana bayanka, ƙofar fita ma tana bayanka, saita gindin wutar, matsa, kana karkaɗawa dama da hagu. Tulu mai kilo 6 'yan daƙiƙoƙi kawai yake yi ya ƙare. Masu fesa wa harshen wuta a sama suna zubar da shi a banza. Ka riƙa duba allurar agogonsa tana kan kore, kana kifa shi lokaci-lokaci don garin kada ya dunƙule, domin tulun da ya shekara biyar a rataye ba a duba ba sau da yawa iska kawai yake fitarwa. Idan wuta ta fi tsayinka, ko hayaƙi ya cika ɗaki ya sauko daidai kai, ta wuce tulu. Fita, ka ja ƙofa ka rufe, rufewar tana hana ta iska tana jinkirta ta.

Man gyaɗa ko manja da ya kama a kasko, ruwa ne babban haɗarinsa: yana nutsewa ƙasan mai, ya zama tururi nan take, ya watsa wutar har rufi da fuskar mai girki. A kashe murhu, a rufe da murfi ko jiƙaƙƙen buhun algarara da aka matse, a bar shi ya huce. Warin gas kuma, kada a kunna ko a kashe wani makunni, kada a ƙyasta ashana don neman inda yake yoyo. Ruwan sabulu ake shafawa a ga kumfa. A buɗe ƙofofi da tagogi, a cire kan tukunyar, a fitar da ita fili. Gas ya fi iska nauyi, a ƙasa yake kwanciya, shi ya sa yake bin ƙasan ƙofa ya tarar da garwashi a wani ɗaki. Tukunyar da wuta ta riga ta lasa, kowa ya yi nisa da ita.

Hayaƙi ya fi harshen wuta kisa. Wanda ya maƙale a ɗaki a ce masa ya sunkuya ya rarrafa, ya taɓa ƙofa da bayan hannu kafin ya buɗe. Ƙarfen taga da muke sakawa don ɓarayi shi ke tare mutane a ciki, saboda haka duk rukunin sa-kai na unguwa ya tanadi babbar guduma da ƙarfen ɓanɓara da almakashin yanke kwaɗo da tsani, a ajiye su inda kowa ya sani, da mabuɗi a hannun mutum fiye da ɗaya.

Idan mota ta iso, aikinka ya koma tsare jama'a da nemo ruwa. Motar kwana-kwana lita 'yan dubbai take ɗauka, mesa ɗaya kuma tana fitar da ɗaruruwan lita a minti, don haka cikin kamar minti goma tanki ya ƙare. Mutane kan ce sun zo ba ruwa, har a kai ga jifa, alhali lissafin ke nan. Ɗan sa-kai na ƙwarai ya riga ya san gidan da ke da burtsatse da babban tanki a unguwarsu, yana da lambar masu tankar ruwa, yana hana motoci da babura taka mesa.

Game da ƙuna, a nan ake ɓarna da kyakkyawar niyya. Ana shafa man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja, gishiri, har da bakin mai. Duk suna riƙe zafi ko su kawo ƙwayar cuta, kuma sai an kankare su a asibiti, majiyyaci ya sha azaba sau biyu. Ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi ake kwararawa minti 20, ba ƙanƙara ba. A cire zobe da agogo da awarwaro kafin kumburi, kada a fasa bororo, kada a ɓamɓare tufar da ta manne. A rufe da tsabtataccen ƙyalle ko leda mai laushi. Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko ta fuska, hannu, al'aura, ko ta ƙaramin yaro, asibiti za a nufa. A lokacin hunturu ka lulluɓe sauran jikin yaro yayin da kake sanyaya wurin. Wanda ka ga baƙin hayaƙi a hancinsa ko muryarsa ta dushe, ko yana tafiya da ƙafarsa ka gaggauta da shi, maƙogwaro yana kumbura daga baya ya toshe. Wanda tufarsa ta kama a kwantar da shi a mirgina, a danne da bargo. Hijabi da mayafin roba suna narkewa a jiki, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa nake roƙon 'yan'uwa mata su shigo aikin: yawancin ƙunar girki a cikin gida take faruwa, inda namiji baƙo kan tsaya neman izini a zaure.

Haɗarin hanya, musamman titin Kaduna zuwa Kano da ya ratsa mu, shi ne zai fi kiranka. Fara da kare wurin, ka sa alama nesa ta ɓangarorin biyu, a kashe injin, a hana shan taba. Fara da wanda ya yi shiru, mai ihu yana numfashi. Jini mai zuba a danne shi da ƙyalle da ƙarfi ba tare da ɗagawa ana leƙe ba; in ya jiƙe a ƙara wani a kai. Idan hannu ko ƙafa na tsartuwar jinin da dannawa ta kasa tsayarwa, a ɗaure da ƙyalle mai faɗi kamar yatsa uku sama da raunin, a murɗa da sanda har jinin ya tsaya, a rubuta lokacin, kada a kwance sai a asibiti. Wanda ya suma yana numfashi a kwantar da shi ta gefe. Kada a ɗura masa ruwa, yana tafiya huhu. Wanda ba ya numfashi, danna tsakiyar ƙirji sau 30, zurfin santimita 5 zuwa 6, da saurin 100 zuwa 120 a minti, sannan hura numfashi 2, a ci gaba. In ba za ka iya hurawa ba, ka yi ta dannawa, kuna canji duk minti biyu.

Ɗaukar majiyyaci shi ne inda gaggawa ke nakasa mutane. Mai kukan wuya ko baya, ko wanda ba ya jin ƙafafunsa, idan aka ciccibe shi hannu da ƙafa aka cusa a keke, ana iya tsinke masa laka. Mutum ɗaya ya riƙe kai daidai da jiki, uku su ɗaga tare a kan ƙyaure ko faffaɗan katako, a nemi mota mai buɗaɗɗen baya. Manyan raunuka na kai da ƙashin baya da ƙuna mai faɗi, Asibitin Koyarwa na Shika ya fi dacewa. Asibitin Gambo Sawaba na Ƙofar Gayan ya fi kusa ga mutanen birni. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mai buƙatar kulawar gaggawa, ta 2017 kuma ta wajabta karɓar mai raunin harbi ba sai da rahoton 'yan sanda ba. Ka riƙe katin ƙungiyarka, ka rubuta lokacin da ka iske mutumin da abin da ka yi masa, ka miƙa wayarsa da kuɗinsa a gaban shaida. Hoton wanda ya ji rauni ko gawa kada ya fita daga wayarka, kai ma kada ka ɗauka.

Wurare uku ne masu ceto suka fi mutuwa. Tankar fetur da ta faɗi: tururin man yana tafiya nesa a ƙasa, tartsatsi ɗaya ya isa. Abin da ya faru a Majiya ta Jigawa a Oktoban 2024, inda fiye da mutum 150 suka rasu, ya isa kowa ya gane cewa aikin ɗan sa-kai a nan shi ne korar mutane ɗaruruwan mitoci, ta ɓangaren da iska ke tahowa. Na biyu rijiya da shadda: wanda ya faɗi ya suma a ciki, iskar wurin ce ta kayar da shi, kuma za ta kayar da na biyu da na uku. Ba a shiga sai masu tukunyar iska da igiya. Na uku ruwa, kogin Kubanni da na Galma da kududdufai in damina ta yi nisa. A jefa igiya ko jarka marar komai mai rufaffen baki, a miƙa gora. Mai nutsewa yana danne duk wanda ya kusance shi.

Batun lokaci kuwa, ka ware wa kanka maimaita horo aƙalla sau ɗaya a shekara, don hannu yana mantuwa. Kiran gobara ya fi yawa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da komai ya bushe kuma ana kwana da garwashi da hita a ɗaki, saboda haka watan Oktoba ne ya dace ku zaga gidaje da shaguna ku duba wayoyi da tuluna, ku kuma ja kunne kan kunna janareta ko gawayi a rufaffen ɗaki. Jakarka ta farko ba ta da tsada: safar hannu ƙafa biyar, bandeji mai naɗi huɗu, bandeji mai kusurwa uku biyu, gos, filasta, almakashi, tocila, usur, riga mai ƙyalli, da biro da ɗan littafi. Magani kada ka saka ko ɗaya a ciki, ba da magani da yin allura ba hurumin ɗan agaji ba ne.