Leza ka saya, amma takardar zane ba ta barin aljihunka

Ka tambaye ni ko ka sayi na'urar leza mai nuna ko gini ya daidaita, ka yar da tiyon ruwa da muke auna daidaito da shi, kuma ko ka daina yawo da takardar zanen gini tunda injiniya yana turo maka shi a waya. Lezar dai ka saya in kana da kuɗinta. Nemi mai koren haske, don ja yana ɓacewa da zarar rana ta take. Yadda ake kafa ta ba zan ɓata bakina ba. Wanda ya shekara 3 yana ɗaukar kwanon sarki a bayana ya wuce a koya masa wannan. Tiyo kuwa kada ka kuskura ka yar. Leza in ta faɗi sau ɗaya tana iya karkacewa, kuma ba za ta gaya maka ba. Kowace safiya ka gwada ta da ruwa, bayan ka fitar da iskar da ke cikin tiyon.

Maganar wayar ce ta fama min tsohon miki.

Wani Alhaji ya taɓa ba ni aikin bene, shi yana can Jidda yana kasuwancinsa. Komai ta WhatsApp muke yi. Kullum la'asar in ɗauki bidiyo in tura masa, ya ce madalla. Mun kai bulo har linta, wato kankaren saman ƙofa da taga, sai ga saƙon murya da daddare: a ƙara wa falo ƙafa 4, a matsar da bangon ɗakin uwargida. Na ce, Alhaji, akwai fila, ginshiƙin kankare, a cikin bangon nan, an riga an zuba ta, a bari injiniya ya duba. Ya ce ai shi ke biyan injiniyan, in yi abin da aka ce. Na rushe bango na matsar, fila ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar falo kamar an dasa dabino.

Bayan wata biyu ya sauka, ya zo da Hajiya. Ta leƙa ɗakinta ta ga ya tsuke, ta dubi filar, ta dube shi. A gaban leburorina mutumin nan ya juyo ya ce, "Malam, wa ya sa ka?" Na zaro waya ina murmushi, don na san ina da shaida. Na buɗe, wayam. Ashe tun farko ya kunna abin nan da ke goge saƙo da kansa. Ɗana ne ya yi min bayani daga baya: ana saita shi awa 24, ko kwana 7, ko kwana 90. Nasa kwana 7 ne. Har sanarwa wayar ta rubuta min, da Turanci, ban karanta ba.

Na mayar da bangon da kuɗina, bulo inci 9 da siminti da kuɗin lebura, ya kuma riƙe cikon kuɗin aikina. Babur ɗina na sayar na sallami yara. Har yau in na biyo ta layin, kau da kai nake yi.

Tun daga nan, duk wanda ya ce in canza ko da taga ce, sai a buga a takarda, injiniya ya sa hannu da kwanan wata. Saƙon murya kuwa a take nake tura wa ɗana ya ajiye.

Kuma zanen waya yana da tasa cutar. Za a turo maka gyara sau uku da suna iri ɗaya, ka buɗe na makon jiya ka yi ta gini a kansa. A takarda mai ma'aunin 1:100 ka san santimita 1 mita 1 ce, ka aza rula ka auna. A waya kana jan hoto da yatsa yana girma yana raguwa, me za ka auna? Lambar da aka rubuta kaɗai za ka bi.

Ku yaran yanzu kun fi mu iya latsa waya, ban musa ba, amma jiya ina kallonka kwaɓi yana bushewa kana kallon TikTok. Gobe in ka sayo lezar ka kawo ta wurin aiki tare da tiyo, mu gwada su a bango ɗaya kafin ka cire mata leda.