Tsatsa na cin baburana: in biya kuɗin wanki, ko in buɗe wurin wankin kaina?

Wani ɗan kasuwa daga Haɗeja ya aiko da wannan tambaya. Ya ce yana da babura biyar ƙirar Bajaj Boxer da ya ba yara suna acaɓa suna kawo masa balas kullum. Kwanan baya ya sayar da ɗaya mai shekara biyu, sai aka saya da ragin naira 150,000 a kan abin da maƙwabcinsa ya sayar da nasa, alhali kusan tare suka saya. Dillali ya nuna masa salansa ta huje, wili ya yi ja, ƙarƙashin tanki duk tsatsa. Yaran sun ce ba za su cire naira 500 daga aljihunsu su kai wanki ba. Shi ne yake tambaya: ya riƙa biyan kuɗin wankin da kansa, ko ya sayi injin wanki da janareta ya buɗe wuri, ya wanke nasa kyauta ya kuma samu na wasu?

Alhaji, Allah Ya ƙara buɗi. Bari mu fara da lissafin da ke cikin wasiƙarka, don amsar rabin tambayar tana nan.

A ce babur ɗaya ana wanke shi sau biyu a mako a watanni huɗu na damina, Yuni zuwa Satumba, sau ɗaya a mako a sauran shekara. Wanki 69 ke nan a shekara. A kan naira 500, ya kama 34,500, shekara biyu kuma 69,000. Kai kuwa ka yi asarar 150,000 a rana ɗaya. Ba zan ce duk ragin nan laifin tsatsa ba ne, don dillali ko babur na sheƙi sai ya nemo abin kushewa, amma ko kashi biyu cikin uku ne nata, ka ga inda riba take. Wannan bai haɗa da sarƙa da salansa da wayar birki da ka riƙa canzawa kafin lokacinsu ba, da ranakun da babur ya kwana wurin bakanike babu balas.

Yaran ba su yi ƙarya ba, kuma kada ka ji haushinsu. Babur ba nasu ba ne. Ranar da za a sayar, ko ya yi daraja ko ya faɗi, kobo ba ya shiga aljihunsu. Mai jari shi ke tsaron jarinsa. Saboda haka ka biya, amma kada ka miƙa kuɗin a hannun mai tuƙi, don zai zama kuɗin mai ko na shayi. Ka yi magana da mai wanki guda ɗaya, ya buɗe maka shafi a littafi, duk babur ɗin da ya zo ya rubuta lambarsa da rana, kai kuma ka biya shi ranar Juma'a. A cikin yarjejeniyarka da yaran ka sa sharaɗi cewa wanda ya tsallake ranar wanki ba tare da uzuri ba, shi zai biya na wannan makon.

Sai dai akwai wankin da gara ma ba a yi shi ba, kuma shi ya fi yawa a bakin titi. A nan nake so ka tsaya ka saurare ni.

Tsatsa abu uku take buƙata: ƙarfe, ruwa da iska. Ruwan sama kaɗai ba ya yin ɓarna sosai, don yana bushewa. Taɓo ne mugun, saboda yana manne wa ƙarƙashin madigadi da bayan inji da gindin wayoyin wili, ya riƙe danshi kwana da kwanaki a jikin ƙarfe. Ku kuma a Haɗeja ƙasar fadama gare ku, laka mai danƙo. Ƙari a kan haka, yaranka na ɗaukar buhunan takin zamani zuwa gonakin shinkafa, wani lokaci gishiri. Taki da gishiri in suka haɗu da danshi suna cin ƙarfe da sauri fiye da ruwa zalla nesa ba kusa ba. Dalilin ke nan da babur ɗin da ya yi zama a Legas ko Kwatano, inda iskar teku ke ɗauke da gishiri, yakan riga na Arewa lalacewa. Duk ranar da aka ɗauki taki, a ɗauraye kariya, wato wurin ɗora kaya, da bayan babur a ranar, ko da ba ranar wanki ba ce. Bokiti ɗaya ya isa.

Mai wanki kuma ya kiyaye waɗannan. Kada ya watsa wa inji ruwa yana da zafi, ya bari ya huce. Ya toshe bakin salansa da leda kafin ya fara, ya cire in ya gama, don ruwan da ya kwanta a ciki shi ke huda ta daga ciki. Ya fara jiƙa taɓon ya yi laushi kafin ya sa soso, in ba haka ba yashi ne zai goge fenti, kuma duk inda fenti ya kware nan tsatsa ke kafa sansani. Garin sabulun wankin kaya da suka saba zubawa yana da kaifi, yana dusashe fenti, yana sa farin ƙarfen inji ya yi dabbare-dabbare in ba a ɗauraye shi sosai ba. Sabulun ruwa na wankin mota ya fi, kuma kaɗan ake sawa.

Injin feshin da kake sha'awar saya, shi ma yana da nasa sharrin. Ƙarfin ruwansa na kutsawa cikin boris na ƙafafu da na wuya ya kore giris, ya shiga makunni da wayoyin wuta da kafireta. Babur zai fito yana ƙyalli, bayan wata biyu boris ya fara kuka, ba wanda zai tuna da mai wanki. In dole sai an yi amfani da shi, a tsaya nesa, a nufi taya da ƙarƙashin madigadi kawai.

Abin da kusan kowa ke tsallakewa shi ne bayan wanki. A tsane babur da tsumma, a tayar da inji ya yi 'yan mintuna, a ɗan zaga a hankali ana taɓa birki har ya bushe, don birkin da ya sha ruwa ba ya kamawa da kyau. Sannan a sa wa sarƙa mai. Littattafan irin waɗannan babura galibi suna cewa duk kilomita 500, da man giya mai lamba 90, kuma ɗan acaɓa mai ƙwazo yana cinye wannan tafiya a mako guda. In ta yi dauɗa a wanke ta da kananzir da tsohon buroshi tukuna. Na san baƙin man da aka juye daga inji ake zuba mata saboda kyauta ne. Ya fi babu, amma cike yake da gurɓataccen abu da ɓurɓushin ƙarfe, kuma da hunturu in ya haɗu da ƙura sai ya koma kamar samfefa yana cin haƙoran sarƙa. Af, ka duba ko murfin sarƙar na nan. Yara na son cire shi wai yana ƙara, alhali shi ke tare mata taɓo da ƙura. Mai kuma kada ya kusanci birki ko taya.

Kan batir in ya yi farin gari ko kore, a cire waya, a goge da ruwan kanwa, a ɗauraye, a busar, a mayar a shafa basilin. Tanki kuwa daga ciki yake ruɓewa: in kullum yana kwana kusan wayam, raɓa na taruwa a bangonsa, haka ma man kwalba na bakin hanya wani lokaci yana zuwa da ruwa. Babur ya kwana a rumfa. In za a rufe shi, kada a naɗe shi da leda yana jiƙe, wannan dafa shi ne.

Yanzu batun buɗe wuri. Ni dai ban ba ka shawarar ka fara da sayen inji ba. Babura biyar, ko da damina, wanki goma ne a mako, naira 5,000 ke nan. Wannan ba zai riƙe yaro mai aiki da ruwa da man janareta da hayar fili ba, balle ya mayar da kuɗin inji. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, duk sana'ar da ke jingine da janareta sai an yi mata lissafi da fensir mai tsini. Kalmar "kyauta" da ka faɗa ma ka janye ta: ruwan da sabulun da ladan yaron duk kai za ka biya, sunan kuɗin ne kawai ya canza.

In har zuciyarka na kan sana'ar, abin da zai yanke hukunci shi ne ruwa. Wanda ke da rijiya ko burtsatse a wurin yana iya cin riba, wanda zai sayi jarka daga 'yan garuwa yana yi musu aiki ne. Sai wuri: kusa da inda 'yan acaɓa ke tsayawa, da magudanar da ruwan zai bi ba tare da ya shiga ƙofar maƙwabta ba. Ka kuma tuna kasuwar tana da lokaci, damina cunkoso, rani sai a hankali. Akwai kuma haɗarin doka. A Janairun 2013 gwamnatin Kano ta hana acaɓa, duk wanda sana'arsa ta dogara da 'yan acaɓa kaɗai ya ji a jikinsa. Wurin da za ka buɗe ya zama zai iya karɓar Adaidaita Sahu da ƙananan motoci.

Ka gwada da ƙaramin abu tukuna: yaro ɗaya, bokitai, soso, tsummoki, galan na man giya, gwangwanin giris. Ya wanke naka biyar ɗin yadda na bayyana, ya karɓi na waje. Abin da zai bambanta ku da sauran shi ne wanki haɗe da tsanewa da man sarƙa da duba batir a farashi ɗaya, ko da ya ɗara na wasu da naira 200. Ka rubuta shiga da fita na wata uku, kana biyan kuɗin wankin baburanka cikin asusun kamar kowane baƙo. In ka ga babura na jiran layi har wasu na juyawa, lokacin sayen inji ya yi, kuma cinikin ne zai saya.

Baburan biyar da ke hannunka kuwa, kada ka jira. Makon nan ka sa a kwance musu madigadi da kariya da kujera, a kankare duk inda ya yi ja da buroshin ƙarfe da samfefa har farin ƙarfe ya fito, a shafa jan fentin nan da masu walda ke fara sa wa ƙofa, ya bushe, sannan a bi da baƙi. Salansa ita fenti mai jure zafi take so, na gama-gari zai ƙone ya zube cikin kwana biyu. Wayoyin wilin da suka riga suka ci sosai a canza su kawai, don in ɗaya ta tsinke da fasinja a baya, maganar ta wuce ta tsatsa.